Mai gadin wutar fanel: yadda ake sa Linux ya riƙa tambayarsa abin da ya gani

A watan Afrilu, lokacin da zafin Katsina ke sa mutum ya rasa inda zai sa kansa, wani Alhaji mai shagon intanet ta wajen Ƙofar Ƙaura ya kawo mini na'urar rarraba intanet, irin mai akwatin ƙarfe, ta hannu ce ya sayo. Kukansa ɗaya ne. Daga safe har azahar lafiya ƙalau take aiki, amma da la'asar ta kawo jiki sai ta ɗauke kamar an zare filogi, ta yi jim, ta dawo da kanta. Wata rana sau uku kafin magariba. Ya canja adafta, ya canja soket, ya zargi inbata, har yaron da ke share masa shago bai tsira ba.

Ya ce, "Malam, ko dai a yar da ita ne?"

Na ce, "Alhaji, bar mini ita kwana uku tukuna."

Da na kwance murfin, kusa da inda wuta ke shiga na ga aisi, wato ɗan guntun lantarki da ake liƙawa a fanel, mai ƙafa 100, an rubuta sunan kamfanin Lattice a bayansa, ƙasa kuma POWR1220AT8. Nan na ɗan ji sanyi a raina, don na san akwai wanda zan tambaya.

Ga wanda bai taɓa cin karo da irinsa ba: fanel na manyan na'urori ba wuta iri ɗaya yake sha ba. Bolt 12 ke shigowa, a sauke ta zuwa 5, zuwa 3.3, zuwa 1.8, zuwa 1.2, wani lokaci har ƙasa da haka, kuma manyan aisoshin da ke kai suna da sharaɗin wace wuta za ta riga wace tashi. Wannan aisin shi ne mai gadin duk wannan. Yana da ƙofofi 12 na sa ido a kan ƙarfin wuta, VMON1 zuwa VMON12, da layukan fita 20 da yake kunnawa da kashewa da su. Daga nan sunan 1220 ya fito. Lamba 8 ta ƙarshe kuwa layuka ne da yake iya ɗan ɗaga wutar wani ɓangare ko ya ɗan sauke ta. Dokokin da yake bi, wato wa zai fara tashi, a wane mataki za a ce wuta ta yi ƙasa, me za a yi in ta yi, duk wanda ya ƙera fanel ɗin ne ya zuba masa su ta JTAG, mashigar da ake zuba wa aisi bayanai, da manhajar PAC-Designer, kuma suna nan zaune cikinsa ko babu wuta. Shi ya sa nake gaya wa yara masu koyon gyara kada su ɓata kuɗinsu wajen sayo sabo su liƙa. Sabo fanko ne. Wanda aka ciro daga wani fanel dabam kuma dokokin gidan da ya fito zai bi.

To ɗaukewa tsaf, jim kaɗan, sannan dawowa a tsare, wannan ya yi mini kama da mai gadi yana aikinsa. Abin da nake so in sani shi ne me ya gani. Ranar farko yaron shagona ya tsaya da mita daga azahar. Kafin la'asar hannunsa ya fara rawa, na ce ya bari kafin bakin mitar ya zame ya haɗa ƙafa biyu mu shiga uku. Layi goma sha biyu, awa huɗu, ba aikin ido da hannu ba ne.

Aisin yana da ma'auni a cikinsa, kuma yana amsa tambaya ta layin I2C, waya biyun nan da kamfanin Philips ya fito da su tun 1982. A kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin, akwai direbansa, manhajar da ke magana da shi, mai suna powr1220, a sashen hwmon inda direbobin ma'aunin zafi da fanka da wuta suke. Ya shiga ne a Linux 3.17, shekarar 2014, a 2022 kuma aka ƙara masa ƙanen aisin, POWR1014. Ka san iyakarsa tun yanzu don kada ka sa ran abin da babu: karatu kawai yake yi. Zai ba ka ma'auni 14, ƙofofin nan 12 da wutar da aisin kansa ke sha guda biyu, VCCA da VCCINP. Ba ya canja doka, ba ya kunna layi, ba ya kashewa.

In lambar da ke bayan naka aisin dabam ce, kada ka rufe shafin. Masu gadi na Texas Instruments irin su UCD90160 direbansu ucd9000 ne, LTC2978 da danginsa ltc2978, MAX34440 na da max34440, ADM1266 na da adm1266. Waɗannan yaren PMBus suke ji, kuma galibinsu sun fi namu yawan surutu, har da iyakoki da ƙararrawa suke nunawa. Amma hanyar da za mu bi kusan ɗaya ce, suna kawai za ka canja.

Haɗa waya

In na'urar da kanta Linux take gudanarwa kuma kana iya shiga taminal ɗinta, ka huta da dalma, tsallaka zuwa neman adireshi. Tawa a kulle take, don haka na ɗauko Raspberry Pi ɗin da ke kan tebur, ƙaramar kwamfuta mai gudanar da Linux. Waya uku kawai, biyun nan na I2C, SDA da SCL, da ta ƙasa, GND: SDA zuwa fin na 3 na Pi, SCL zuwa fin na 5, GND zuwa fin na 6. Ka sauko da takardar bayanin aisin ka gano ƙafafun SDA da SCL, amma kada ka ɗiga dalma a kan ƙafar kanta, sun yi siriri kuma sun matse juna. Ka kashe wuta, ka sa mita a wurin da take ƙara, ka bi layin har ka samu rasista ko ɗan tabon gwaji da ke kansa, can za ka liƙa. Wayoyin su zama gajeru, kada su wuce taƙi ɗaya.

Kafin ka jona Pi, kunna fanel ka auna layukan biyu. Bolt 3.3 ya kamata ka gani ko kusa da haka. In ka ga 5, dakata, sai da ɗan fanel mai daidaita matakin wuta a tsakani, don finafinan Pi ba sa jure 5. Sannan kada ka ba Pi wuta daga na'urar da kake bincike, in ta ɗauke za ta tafi da mai shaidarka. Ni fawa banki na sa masa. GND kaɗai suke tarayya.

Akwai wani abu da ya kamata in ja kunne a kansa, don shi ne ke rikita mutane ba su sani ba. Mai yiwuwa furosesan fanel ɗin ma yana tambayar aisin ta wannan layin. Ma'aunin da ke cikin aisin ɗaya ne tak. Mai tambaya zai rubuta lambar ƙofar da yake so a gurbi na 0x09, ya ɗan jira, sannan ya ɗauki amsa a 0x07 da 0x08. In ku biyu ne a layin, kai ka ce ƙofa ta biyu, kafin ka ɗauki amsa wancan ya ce ta bakwai, sai ka kwashi amsar wani ka rubuta a littafinka, shi ma ya kwashi taka, har ya iya zaton wuta ta lalace. A nawa fanel ɗin na samu ƙananan rasista biyu a tsakanin furosesa da aisin. Na ɗaga su, na manna su da salatef a cikin murfin don kada iska ta tafi da su, na kunna na ga na'urar ta tashi ba ta yi ƙorafi ba, sannan na ci gaba. In taka ta ƙi tashi ba tare da su ba, mayar, ka san cewa duk lambar da ta fita zakka cikin karatunka sai an sake dubawa.

Neman adireshi

A Pi ka buɗe I2C ta raspi-config, ko ka sa layin dtparam=i2c_arm=on a config.txt ka sake kunnawa. A sababbin tsarin fayil ɗin yana /boot/firmware, a tsofaffi yana /boot. Sai ka sauko da kayan aiki:

sudo apt install i2c-tools lm-sensors

Za ka ga ana cewa a gudanar da sensors-detect. A nan ba zai tsinana maka komai ba. Adireshin wannan aisin ba na dindindin ba ne, shi ma maƙerin fanel ne ya zaɓa ya zuba tare da dokoki, don haka direban ba ya fita nema. Kai za ka nemo ka gaya masa.

sudo i2cdetect -y 1

Lamba 1 layin Pi ce. A wata na'urar ka fara da i2cdetect -l ka ga layukan da ke akwai, in babu ko ɗaya ka ɗora i2c-dev da modprobe. Wannan umarnin ƙwanƙwasa kowace ƙofa yake yi ya ji wa zai amsa, kuma akwai aisin da ke ɗaukar ƙwanƙwasar a matsayin umarni. Ka yi shi a kan teburin gyara, ba lokacin da mutane ke cike fom a shagon mai kaya ba.

Tebur zai fito. Inda aka ja gajerun layi biyu babu kowa. Inda lamba ta fito akwai mai amsawa. Inda aka rubuta UU wani direba ya riga ya kama wurin. Ni uku suka amsa: 40, 48 da 50. Daga 50 zuwa 57 unguwar EEPROM ce, aisin ajiya inda fanel ke ajiye lambarsa da bayanansa. Daga 48 zuwa 4f galibi ma'aunin zafi ne irin LM75. In ka ga 68 sau da yawa agogo ne. Saura 40 ke nan. In kana da takardun fanel ɗin kuma ka ga an rubuta 80 ko 81 amma tebur ya nuna 40, ba saɓani ba ne. Wasu na haɗa adireshin da alamar rubutu ko karatu, Linux kuwa tsurarsa yake so, wato rabin wancan.

In tebur ya fito wayam, kafin ka zargi manhaja musanya SDA da SCL, sannan ka duba GND. Sau biyu a rayuwata na kai sa'a ina karanta saƙonnin kanel alhali wayar GND ce ta saki. In kuma kowane gurbi ya amsa, SDA ce ta manne da ƙasa.

Direban yana nan?

modinfo powr1220

In ya jero maka bayani, an gama. In ya ce bai samu ba, duba yadda aka gina kanel ɗinka:

grep POWR1220 /boot/config-*

Harafin m a ƙarshen CONFIG_SENSORS_POWR1220 na nufin mojul ne da ake ɗorawa, y na nufin yana cikin kanel tun asali, in kuwa aka ce ba a saita ba, sai ka gina da kanka. Kada wannan ya tsorata ka, kuma kada ka ƙona datarka wajen sauko da dukan kanel mai fiye da megabait 100. Fayil ɗaya kake buƙata, drivers/hwmon/powr1220.c, bai kai hoto ɗaya na waya nauyi ba. Sharaɗin shi ne ya zama na lambar kanel ɗinka, wadda uname -r zai nuna maka. Ni da farko na ɗauko na kanel mafi sabunta don ina ganin sabo ya fi, sai allon ya cika da kurakurai. Kanel na yawan canja yadda direbobi ke gabatar da kansu gare shi, fayil ɗin bana ba lallai ya shiga kanel ɗin bara ba.

Ka sa kunshin linux-headers da ya dace da kanel ɗinka. Ka buɗe folda, ka ajiye fayil ɗin, kusa da shi ka ƙirƙiri wani mai suna Makefile da layi ɗaya a ciki:

obj-m += powr1220.o

Sannan:

make -C /lib/modules/`uname -r`/build M=$PWD modules

sudo insmod powr1220.ko

Daƙiƙoƙi ne. In kana so ya zauna, maimaita umarnin make ɗin da sudo, ka sa modules_install a madadin modules, ka bi shi da sudo depmod -a. Duk ranar da kanel ya sabunta sai ka sake, sai dai in ka miƙa aikin ga DKMS, manhajar da ke sake gina mojul da kanta. Don binciken kwana uku ban wahalar da kaina da shi ba.

Gabatar da su

echo powr1220 0x40 | sudo tee /sys/bus/i2c/devices/i2c-1/new_device

Ka lura da tee ɗin. In ka rubuta sudo echo da alamar kibiya (>) za a ce ba ka da izini, don ikon sudo bai kai ga kibiyar ba. Masu PMBus su rubuta sunan aisin kansa, misali ucd90160, a madadin powr1220.

A nan zan daɗe kaɗan, don nan ne ake ɓarna. In ka duba dmesg za ka ga kanel ya ce ya kafa na'urar powr1220 a 0x40. Wannan saƙon ba shaida ba ne cewa ka dace. Direban ba ya tantance wanda ke wurin, maganarka kawai ya ɗauka. In babu kowa a adireshin, fayilolin za su fito, karatunsu ne zai riƙa ba da kuskure, wannan da sauƙi. Wanda ya fi muni shi ne ka ba shi adireshin wani aisin. Ka tuna duk karatu da rubutu yake farawa, a gurbi na 0x09. In ka yi kuskure ka ce 0x50, direban zai rubuta lambar ƙofa a cikin EEPROM, a kan bayanin da ke wurin, kuma wannan ba ya gogewa da kashe wuta. Fanel na iya mance ko shi wane ne. Don haka ka karanta adireshin sau biyu kafin ka danna, kuma in kana da zaɓi biyu da ba ka rarrabe ba, ka koma kan mita ka ware layukan sauran aisoshin har ya rage shi kaɗai ke amsawa. In ka yi kuskure ka gane da wuri, kafin ka karanta komai ka janye:

echo 0x50 | sudo tee /sys/bus/i2c/devices/i2c-1/delete_device

In komai daidai ne, rubuta sensors. Za ka ga vmon1 har vmon12, da vcca da vccinp. Ainihin fayilolin suna nan:

ls /sys/bus/i2c/devices/1-0040/hwmon/hwmon*/

Na fi son wannan hanyar a kan /sys/class/hwmon, don lambar hwmon na iya canjawa daga kunnawa zuwa kunnawa, adireshi kuwa yana nan. Kowace ƙofa na da fayil uku: input shi ne karatun yanzu, highest mafi girman da aka gani tun da aka ɗora direban, label kuma suna. Lambobin da milibolt suke, 3306 na nufin bolt 3.306. Ƙidayar kanel daga sifili take farawa, don haka in0 shi ne VMON1, in1 shi ne VMON2, har in11. Yarona ya yi rabin yini yana neman laifi a layin da ba shi ba saboda wannan tazarar ta ɗaya.

Kada ka yarda da lamba sai mita ta sa hannu

Ma'aunin na tafiya da matakin milibolt 2 har zuwa kusan bolt 2. Sama da haka akwai mai rage wuta kashi uku a cikin aisin da ke kai shi kusan bolt 6, amma matakin ya koma milibolt 6. Direban ne ke zaɓar wanne zai yi amfani da shi, yana duba mafi girman abin da ya taɓa gani a ƙofar. Saboda haka in ka ga layin 3.3 na tsalle da shida shida, lafiyarsa lau. In kuma ka fara karatu layin na ƙasa sannan ya tashi, kana iya ganin karatu ɗaya ya tsaya ɗan sama da 2000 kafin na gaba ya gyaru.

Bolt 12 fa? Ba ta shiga kai tsaye, maƙerin fanel ya raba ta da rasista biyu kafin ta iso. A wurina in0 ya nuna 3990, mita kuma a bakin shigowa ta nuna 12.10. Lissafin rasistocin ya ce a ninka da 3, amma raba 12.10 da 3.99 ya ba ni 3.03, don ƙofar aisin ma na jan ɗan abin da take ja, rasista kuma ba sa cika lambar da aka buga musu cif. Na bi mita. Haka za ka bi layukan ɗaya bayan ɗaya, ka auna da hannu sau ɗaya, ka daidaita da abin da fayil ya ce. Inda biyu suka zo da lamba ɗaya, kashe wuta ka bi ƙafar da ƙarar mita. Ƙofar da ba a jona komai ba za ka gan ta kusa da sifili.

Abin da ka gano ka rubuta a /etc/sensors.d/fanel.conf:

chip "powr1220-*"
label in0 "shigowa 12"
compute in0 @*3.03, @/3.03
label in1 "layin 5"
label in2 "layin 3.3"
ignore in9

Wannan gyaran a umarnin sensors kawai yake bayyana. Fayilolin da ke /sys za su ci gaba da ba ka ɗanyen lamba.

Zaman jira

Babban gibin direban a wurinmu shi ne yana tuna mafi girma, ba ya tuna mafi ƙanƙanta. Mu kuwa a nan faɗuwar wuta ce ciwonmu. Sai ka riƙe littafi da kanka. Shiga foldar hwmon ɗin, ka rubuta:

while true; do echo `date +%T` `cat in0_input in1_input in2_input in3_input in12_input` >> ~/wuta.txt; sleep 2; done

Ka jero sunayen da hannu kamar yadda na yi. In ka sa tauraro (*) don ya kwaso duka, jerin na iya cakuɗewa, in10 ya riga in2, ka zo kana karanta shafi ba ka san na wa ba ne. Ka tabbata in12, wato VCCA, wutar da aisin kansa ke sha, na ciki, za ka ga amfaninsa. Rage jiran zuwa ƙasa da daƙiƙa ɗaya ba shi da amfani, direban na riƙe karatun kowace ƙofa na daƙiƙa guda kafin ya sake tambaya. Ma'ana, wutar da ta nutse ta taso cikin ƙiftawar ido, mai gadin zai gan ta ya ɗauki mataki, littafinka kuwa ba zai nuna ba. Wannan aikin osiloskof ne, na'urar da ke zana motsin wuta a allo. Abin da littafin ya ƙware a kai shi ne ciwon da ke tafiya a hankali, irin na zafi.

Ka duba agogon Pi kafin ka fara. Waɗanda suka riga Pi 5 ba su da agogon da ke tafiya in babu wuta, daga intanet suke samun lokaci. Ni na jona shi da wayata na minti ɗaya ya saita, sannan na cire.

Na mayar da murfin, na bar wayoyin sun leƙo ta ramin iska, don in ka bar na'ura a buɗe tana shan iskar fankar shago ba za ta yi maka halinta ba. Na kai ta lungun da rufin kwano ya fi gasawa. Ƙarfe tara na safe layin 5 na kan 5010. Sha biyu ya koma 4950. Bayan azahar 4860. Duk wannan lokacin shigowa na nan a 3990 ba ta motsa ba, wato adafta da inbatan Alhaji sun fita daga zargi, layin 3.3 ma ko gezau. Muna dawowa daga sallar la'asar yarona ya leƙa ya ce, "Oga, ta yi halin nata." Layi na ƙarshe kafin faɗuwa 4764 ne. Na bayansa duk ƙananan layukan sun zube, sai shigowa da in12 kaɗai ke tsaye. Wannan in12 ɗin shi ya warware zancen: mai gadin bai suma ba, idonsa biyu, da gangan ya kashe. Kashi biyar cikin ɗari ƙasa da bolt 5 shi ne 4.75, iyakar da masu ƙira suka saba sawa, na kuwa ɗauka a nan aka ja masa layi. Da a ce aisin ne ya rasa tasa wutar, da kuskuren karatu zan gani a madadin lambobi, da kuma can zan koma nema.

Daga nan aikin ya zama na kullum. Fankar ciki ta toshe da ƙurar hunturu ta shekara da shekaru har ta yi kamar auduga, kuma a gefen mai sauke wuta zuwa 5 akwai kondansa biyu, ɗaya kansa ya ɗan kumbura, sai ka karkata fanel ga haske za ka gani. Na canja duka biyun, na wanke fankar. Washegari, a lungun nan dai, layin bai sauka ƙasa da 4992 ba har magariba.

Da Alhaji ya zo na nuna masa shafin. Ya duba ya ce, "To Malam, tunda kwamfutarka na magana da shi, mi zai hana ka ce mashi ya riƙa haƙuri ko wutar ta yi ƙasa?" Na ce direban ba shi da wannan ikon, kuma ko da JTAG a hannuna ba zan taɓa ba, don wannan kashewar ce ta hana furosesa aiki da gurguwar wuta wata da watanni. Kai ma in hannunka ya yi ƙaiƙayi ka ga umarnin i2cset, ka bar shi. Gurbi na 0x12 na sake tayar da aisin ne, duk abin da ka rubuta a can zai sauke wutar fanel gaba ɗaya, na bayansa kuma na ɗaga wuta da sauke ta ne.

In naka aikin na zama ne, wato kana son karatun ya dawo duk lokacin da aka kunna, ka sa sunan powr1220 a wani fayil cikin /etc/modules-load.d, sannan layin new_device ɗin ya shiga crontab na root, jerin ayyukan da tsarin ke yi da kansa, da @reboot a gabansa. Masu ƙera nasu fanel su bayyana aisin a bishiyar na'urori ta kanel, ƙarƙashin layin I2C ɗin, da compatible mai cewa lattice,powr1220 da adireshin a reg. Kanel zai yar da sunan kamfanin ya nemi direba da sauran. Ko a nan ka bar sunan a modules-load.d, don ba kullum mojul ɗin ke ɗora kansa ba.

Nawa na wucin gadi ne. Na janye na'urar da delete_device, na kashe wuta, na cire wayoyi ukun, na ɓamɓaro rasistocin nan biyu daga salatef na mayar da su gurbinsu, na auna da mita na ji ƙara a kowanne. Na bar ɗigon dalma a wuraren uku yadda in ta dawo ba sai na sake bin layi ba. A cikin murfin kuma na rubuta da maka: 0x40, in0 a ninka da 3.03, in1 shi ne layin 5, a busa fanka bayan kowane hunturu.